Makullin da Ke Gindin Tanki

Ƙarfe biyu na dare ta ɗan gota, uwargida ta taɓa ni a kafaɗa. Ba ta ɗaga murya ba, gudun kada yara su farka.

"Malam, tashi ka ji. Kamar ruwa ake yi."

A watan Maris muke, bazara ta kankama, ko ƙyallin gajimare babu a sama. Na ce mata mafarki take yi. Na sauko da ƙafa don in leƙa taga, sai na ji tsulum. Takalmina na wanka ya bar inda na ajiye shi, yana can bakin ƙofa yana lilo a kan ruwa.

Abin da ya jawo wannan duka tsawonsa bai kai taƙi biyu ba. Ɗan tiyon nan ne mai saƙar waya a jiki, wanda ke ɗauko ruwa daga bango ya kai wa famfon wanke hannu a ban-ɗakin yara. Ya tsinke daidai wuya, inda noti ya kama shi, ruwa na ta tsartuwa har yana dukan bangon da ke fuskantarsa. Na durƙusa na kama ɗan makullin da ke bayansa na murɗa. Kan ya juya, ya sake juyawa, ya yi ta juyawa, ruwa ko gezau. Na fita tsakar gida da fitilar waya a baki, na nufi gindin tanki, inda na tuna akwai wani jan kai mai kama da ƙaramin sitiyari. Shekara bakwai rabon da hannu ya taɓa shi. Na murɗa, ya ƙi. Na sa hannu biyu, ya ƙi. Na ɗauko filaya na danna da ƙarfin tsiya, sai na ji ƙas, kan ya biyo hannuna, sandarsa ta karye a ciki.

Uwargida ta fi ni natsuwa a daren nan. Kafin in dawo ta riga ta sauke babban makunnin wutar gida, ta buɗe famfon tsakar gida da na kicin, ta jera duk wata roba da tukunya da muka mallaka. Da ruwan ya sami ƙofa uku maimakon ɗaya, sai ƙarfinsa a ban-ɗaki ya ragu. Na feƙe wani guntun icce kamar fensir, na naɗe shi da leda, na cusa a bakin ramin, na doka shi da gindin filaya. Ya riƙe. Muka yi ta kwalfa da tsintsiya da tsumma har aka kira assalatu.

Da hantsi mai gyaran famfo ya zo. Ya ɗauki jan kan nan ya juya shi a tafin hannu, ya ce, "Alhaji, yaushe rabonka da murɗa shi?" Na ce tun da aka gina gidan. Ya yi dariya. "Ashe ado ka ajiye, ba makulli ba."

Gyaran famfo sana'a ce, tana da masu ita, kuma ba ni da niyyar ƙwace musu abinci. Amma daga lokacin da bututu ya fashe zuwa lokacin da mai gyara zai yi sallama, gida yana hannun mutanen gida ne, kuma a cikin waɗannan sa'o'i yawancin ɓarna ke aukuwa. Wanda ya tsai da ruwa cikin minti biyar, tsumma kawai zai nema. Wanda ya kasa har gari ya waye, sai ya nemo mai fenti da kafinta, wani lokaci har da mai gyaran wuta.

Kafin a yi maganar makulli, sai mutum ya san ta inda ruwan gidansa ke zuwa. Yawancin gidajen Ingila da Amurka bututu ɗaya ne ke shigo musu da ruwa daga titi, dare da rana, don haka shawararsu gajera ce: nemi babban makulli ka rufe. A Ingila galibi yana ƙarƙashin wurin wanke-wanke a kicin, a Amurka kuma kusa da mita ko daidai inda bututu ya ratso bango. Namu ya sha bamban. Kano ta fara shan ruwan famfo daga Challawa tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, amma garin ya ninka girmansa ninkin-ba-ninkin, kuma gida mai famfo a yau, a Kano ko Kaduna ko Zariya, yakan haɗa hanya uku: layin hukuma idan yana zuwa, rijiyar burtsatse da injinta, sannan tanki a sama wanda duka biyun ke zuba wa. Sai ka ruga bakin ƙofa ka rufe na titi, ka dawo ka tarar ruwa na nan yana kwarara, domin abokin faɗan naka yana bisa kanka.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Baƙin tankin nan mai cin lita 2,000, idan ya cika, tan biyu ne a zaune a kan ƙarfe. Tsawon da aka ɗaga shi kuma shi ke ba ruwa ƙarfin turi: kowace mita goma ta tsawo tana ɗora kimanin kilo ɗaya a kan kowane wuri mai faɗin farcen ƙaramin yatsa. Tankin da ke mita shida a sama ke nan yana danna kowane haɗi da kowane tiyo na ƙasa da fiye da rabin kilo, ba hutu, shekara da shekaru. Ba wani ƙarfi ne na a-zo-a-gani ba, shi ya sa guntun iccena ya riƙe. Amma gwada wannan lissafi a gidanka. Idan famfonka yana cika bokitin lita 20 a minti biyu, lita goma ke nan a minti, lita 600 a awa. Bututun da ya buɗe baki haka zai juye tankin lita 2,000 a cikin ɗaki a awa uku da minti ashirin. Jarka tamanin ke nan irin ta 'yan ga-ruwa. Mu Allah ya rufa mana asiri, injinmu da hannu ake kunna shi. Gidan da aka sa wa inji abin da ke kunna shi da kansa da zarar tanki ya yi ƙasa, in akwai wuta, rijiyar ce ɗungurungum za ta yi ta ƙaura zuwa falo. Saboda haka makunnin inji shi ma makullin ruwa ne, kuma a lissafa shi tare da sauran.

Masu sana'a bawul suke ce wa makullin ruwa, kuma iri uku ne za ka fi gani a gida. Na farko shi ne irin wanda na karya, mai kan sitiyari, wanda suke kira get bawul. A cikinsa akwai wani ɗan ƙyaure na tagulla da sanda mai zare ke ɗagawa da saukewa, don haka sai an juya shi zagaye da yawa kafin ya rufe. Idan ya shekara a buɗe ba motsi, ƙasa-ƙasa da farin gishirin ruwa sukan taru a ramin da ƙyauren zai sauka, zaren kuma ya cije. Ranar da aka neme shi, ko ya ƙi motsi, ko ya juya amma ƙyauren bai kai ƙasa ba, ko sandar ta rabu da ƙyauren kai ya riƙa juyawa a banza. Na biyu shi ne mai dogon hannu, bol bawul. A cikinsa ƙwallo ne mai huji a tsakiya. Idan hannu ya miƙe ya bi tsawon bututu, hujin ya saitu da hanya, ruwa na wucewa. Idan aka kwantar da hannun ya gitta bututun, hanya ta toshe. Juyi ɗaya ne, rubu'in zagaye, kuma daga nesa ido zai gaya maka a buɗe yake ko a rufe. Na uku su ne ƙananan da ke fitowa daga bango a bayan tankin masai, da ƙarƙashin wurin wanke hannu, da gefen hita. Aikinsu su kashe wa abu ɗaya ruwa sauran gida na ci gaba da sha.

Duk wani mai kai da ake murɗawa, dama ke rufe shi, wato yadda hannun agogo ke tafiya. Abin dariya ne a rubuce, amma ƙarfe biyu na dare, ruwa na dukan fuska, na ga mai digiri yana murɗawa hagu yana zagin wanda ya sayar masa.

Ni dai ra'ayina a fili yake: a gindin tanki da bakin shigowar ruwa gida, mai dogon hannu za a sa. Dabarar ma ba sabuwa ba ce. A kangon birnin Pompeii na ƙasar Italiya, wanda dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79 miladiyya, an tono bututun dalma da makullan tagulla masu toshiya mai huji, waɗanda ake juyawa su buɗe ko su rufe kusan yadda namu ke yi. Frontinus, wanda aka naɗa shugaban ruwan birnin Rum a shekara ta 97, har littafi ya rubuta a kan hanyoyin ruwan birnin, kuma babban kukansa a ciki shi ne masu huda bututun gwamnati su ja ruwa gida a ɓoye. Ashe halin ya daɗe.

Mai dogon hannu yana da aibi ɗaya, saurinsa. Ruwan da ke gudu a bututu yana da nauyi, idan aka datse masa hanya farat ɗaya sai ya doki ƙwallon, bugun ya koma baya ya bi bututu. Shi ne ƙarar nan gum da kan fito daga cikin bango idan an rufe famfo da gaggawa. Wani masanin Rasha, Nikolai Zhukovsky, ya yi gwaji a kan bututun ruwan birnin Mosko, ya fitar da lissafin wannan bugu a 1898, ya nuna cewa gwargwadon gudun ruwa da saurin rufewa, gwargwadon ƙarfin dukan. A gidan da tanki kaɗai ke turo ruwa abin bai cika tsanani ba, amma a layin inji yana iya ɓalle haɗin da gam ɗinsa ya tsufa. Kashe inji tukuna, sannan ka kwantar da hannun a hankali, kamar mai rufe ƙofar ɗakin da jariri ke barci.

Da aka natsa, na gane uwargida ta bi tsarin da ya dace ba tare da kowa ya koya mata ba. Wuta ta fara kashewa. Ruwan da ya malale ƙasa yana iya kaiwa ga soket, ko wayar firji, ko doguwar wayar nan da yara ke barin ta a ƙasa suna cajin waya. Kada a ce ai babu wuta yanzu. Ba ta sallama in za ta dawo. Gidan da ke da inbata ko sola kuwa wutarsa ba ta tafiya ko an ɗauke ta gari, sai an kashe su daban. A taɓa makunni da busasshen hannu, da takalmin roba, a kan busasshen wuri. Idan ruwan daga silin yake zubowa ta ramin ƙwan fitila, ko akwatin makunnan ne da kansa ya jiƙe, kada kowa ya kusance shi. A fitar da yara, a tsai da ruwa daga waje, a kira mai wuta.

Bayan wuta sai ruwa, kuma daga kusa ake farawa. In ƙaramin makulli ya kama, shi ke nan. In ya ƙi a murɗa biyu, kada a tsaya jayayya da shi, a wuce na gindin tanki. Nan ne na yi wautata. Makullin da ya cije lallami yake so: a murɗa shi kaɗan dama, kaɗan hagu, a ɗiga masa mai a wuyan sanda, a ɗan sassauta notin da ke ƙarƙashin kai, a sake gwadawa. Ƙarfin hannu da tsumma ya isa. Da zarar an kawo filaya ko an zura bututu a hannu don ƙarin ƙarfi, an kama hanyar karya shi, kuma makullin da ya karye a buɗe ya fi wanda ya cije sharri.

Ko an rufe babban makulli, ruwa ba ya tsayawa nan take, saboda bututun da ke cikin bango cike suke. Mutane da yawa a nan suke rikicewa su ɗauka makullin bai kama ba. A buɗe famfon da ya fi kowane ƙasa a gidan, galibi na tsakar gida, a buɗe wani a sama don iska ta shiga, sai ragowar ruwan ya bi ta inda aka zaɓa masa. In silin ya kumbura ya yi ciki, a sa bokiti a ƙasa a huda tsakiyar kumburin da ƙusa. Ƙaramin rami ya fi a wayi gari silin gaba ɗaya ya rufto a kan gado.

Hita tana da nata hukunci. Kafin a rufe mata ruwa ko a zuƙe na cikinta, a kashe wutarta, domin ƙarfen da ke dafa ruwan idan ya yi zafi a bushe ƙonewa yake yi. A jikinta kuma akwai wani ɗan bawul da kan ɗiga lokaci-lokaci. Shi ne mafitar matsi idan ruwa ya yi zafi ya nemi wuri. Na taɓa ganin gidan da aka gaji da ɗigarsa aka toshe shi da noti. Wannan ganganci ne da rai. In ɗigar ta yi yawa a canza shi, a ja masa siririn tiyo zuwa magudana, amma ba a toshe shi ko da wasa.

Ɗaurin wucin gadi kowa ya san shi, kuma ba na raina shi. Robar cikin taya da aka yanka tsiri-tsiri, in aka ja ta sosai aka naɗa tun daga taƙi guda kafin tsagar har taƙi guda bayanta, tana iya riƙe bututu kwana da kwanaki. Matsalarta ɗaya, tana aiki har a manta da ita. Akwai gidajen da ɗaurin "kafin gobe" ya yi musu shekara uku. Bututun roba gyaransa na gaskiya shi ne a yanke inda ya tsage, a sa sabon guntu da soket, a shafa gam, kuma gam ba ya kama jiƙaƙƙen bututu, sai an bushe shi an ba shi lokaci kafin a saki ruwa. In kuwa wuyan makulli ne ke tsattsafowa, sau da yawa ɗan ƙara ɗaure notin da ke ƙarƙashin kai da sifana, kaɗan kawai, ya wadatar. Tiyo mai saƙar waya ba a gyara shi. Da ka ga tsatsa a saƙar, ko waya ta fara tsinkewa, ko ya lanƙwashe ya karye wuya, cire shi ka yar. Kuɗinsa bai kai na fentin bango ɗaya ba.

A ƙasashen sanyi ƙanƙara ce ke fasa bututu. Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, kuma a watan Fabrairun 2021, da wani matsanancin sanyi ya sauka a jihar Teksas ta Amurka, wuta ta ɗauke, bututu suka yi ta fashewa a gidaje, mutane da yawa a ranar suka fara neman inda makullin gidansu yake. Mu rana ce ke yi mana wannan aiki, sannu a hankali. Bututun roba da aka bari a fili daga tanki zuwa bango yana shan rana har ya ƙeƙashe, launinsa ya koɗe, ranar da akuya ta goga jiki ko yaro ya buga ƙwallo sai ya tsage kamar busasshen kara. Fenti ko rufi kaɗan yana ƙara masa shekaru. Tsofaffin gidaje masu bututun ƙarfe kuma daga ciki tsatsa ke cin su, kuma a wurin zare suke fara hujewa, inda ƙarfen ya fi sirantaka.

Sai dai ambaliyar da ta fi yawa a gidajenmu ba ta buƙatar komai ya fashe. Yaro ya buɗe famfo da yamma, ba ruwa, ya tafi ya bar shi a buɗe. Tsakar dare ruwan hukuma ya zo, ko maigida ya kunna inji da asuba ya wuce masallaci. Wanda bai taɓa dawowa ya tarar da wannan ba, yana da maƙwabcin da ya tarar. Mu yanzu doka ce a gidanmu, ba a kunna inji sai an zaga an taɓa kowane famfo, kuma in za a yi tafiya ko ta kwana ɗaya ce, hannun gindin tanki a gicciye ake barinsa.

Akwai kuma yoyon da ba ya tashin kowa daga barci, kuma a ƙarshe shi ya fi cin kuɗi. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da fiye da galan 3,000 a shekara. Wannan ya haura lita 11,000, jarka sama da 450. Duk wanda ya taɓa tare mai kura a watan Afrilu ya san abin da wannan adadi ke nufi. Tankin masai ya fi famfo ɓarna, domin nasa yoyon cikin kwano yake gangarawa shiru. Gwajinsa sauƙi gare shi: zuba ɗan bula a cikin tankin, kada a ja ruwa, a dawo bayan minti goma sha biyar. In ruwan kwanon ya yi shuɗi, robar da ke toshe gindin tankin ta mutu.

Na cikin bango ko ƙarƙashin ƙasa shi ma makulli ne ke tona masa asiri. A cika tanki da dare, a rufe duk famfo, a yi alama a inda ruwa ya tsaya. Da safe in ya sauka alhali ba wanda ya taɓa ruwa, akwai ɓaraka. Washegari a rufe makullin ɓangare ɗaya na gidan a sake gwadawa. Daren da ruwa bai sauka ba, ɓangaren da aka rufe shi ne mai laifi. Mai mita kuma ya rufe komai ya duba ko tana ci gaba da juyawa. Wannan yana hana mai gyara farfasa tayil ɗaki-ɗaki yana lalube. Bango ma yana magana: fenti ya kumbura yana ɓarewa, farin gari kamar kanwa ya fito a gindinsa, gara ta sami wurin zama, ko wata ciyawa ta yi kore shar a tsakar gida cikin rani. Ruwa ba ya tsami banza.

Yoyon da ke wajen gida, a layin da ya taso daga titi, mutane sukan ce ba ruwansu, tunda ba ɗakinsu yake jiƙawa ba. Alhali shi ne mai haɗari ga ciki. Layin da ruwa ke zuwa yana ɗaukewa, duk sa'ad da ya ɗauke, matsin cikinsa yakan faɗi har ya koma zuƙa. In bututun ya ratsa ta kwata, kamar yadda dubbai suka ratsa a unguwanninmu, ramin da jiya yake fitar da ruwa yau shi zai shigo da na kwata, gobe a tura shi tanki. Ta irin wannan hanya taifot da amai da gudawa ke shiga gidan da ke ganin ruwansa tsaf yake.

Duk wannan ilimi ba shi da amfani idan a kan maigida kaɗai yake. Shi ne ya tsaya a kan gini, shi ya san inda aka binne kowane bututu, kuma shi ne ba ya gida daga safe har magariba. Waɗanda ruwa zai fashe a gabansu su ne uwargida, da 'yar aiki, da yaran da suka dawo daga Islamiyya, da tsohuwar da ke ɗaki. A gidan haya abin ya fi muni: makulli ɗaya ne na mutum goma, yana cikin shagon da mai shi ya kulle ya tafi ƙauye, ko mai tayil ya lulluɓe shi don kada ya ɓata masa ado. Wanda zai kama haya yakan tambayi wuta da kuɗin shara da lafiyar masai, ba ya tambayar inda ake rufe ruwa. Wanda ke gini kuma, tun ran gini ran zane: kowane ban-ɗaki da kicin a ba shi makullinsa a waje, inda hannu zai kai. In ka shiga kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ce ko Sabon Gari, ɗauki bawul biyu ka auna a hannu. Na tagullar kirki yana da nauyi, zarensa a tsabtace, hannunsa ba ya lanƙwasa in ka danna. Mai sauƙin nauyi da sauƙin kuɗi shi ne wanda kansa ke juyawa a banza ranar da ake nemansa.

Mai gyaran ya yini a gidanmu ranar nan. Ya cire karyayyen, ya sa mai dogon hannu, kuma na roƙe shi ya sauko da shi daga inda yake zuwa daidai ƙirjin yaro ɗan shekara takwas. Ya ƙara ɗaya a layin kicin, ɗaya a layin ban-ɗakuna, ya canza ƙananan guda biyar da tiyo shida. Kafin ya tafi ya tara mu duka a gindin tanki, har da 'yar autarmu, ya sa kowa ya rufe ya buɗe da hannunsa. Ya ce sau biyu a shekara a zaga a motsa kowane makulli, a rufe shi ruf, a duba famfo a tabbatar ruwa ya yanke, sannan a buɗe. Mai kan sitiyarin da ya rage a layin titi kuma, in an buɗe shi har ƙarshe a ɗan mayar da shi baya kaɗan, don kada ya cije a can. Muka tsayar da farkon damina da farkon hunturu, tunda su ba a manta zuwansu. Na sayo jan fenti na shafa wa hannun babban, na rataye sifana da filaya da tsirin roba a ƙusa kusa da shi.

Bayan wata goma sha ɗaya ina kasuwa waya ta yi ƙara, lambar uwargida, amma muryar auta ce.

"Abba, tankin masai ne yake ta ambaliya, Umma tana maƙwabta. Na murɗa ƙaramin ya ƙi, sai na je na kwantar da jan."

"Ya gitta bututun?"

"Ya gitta. Na buɗe na tsakar gida ma, ya tsaya."

Ƙwallon da ke tashi ya rufe ruwa in tankin ya cika ne ya huje, ya sha ruwa ya nutse. Da yamma na biya na sayo wani, na ɗaura shi da kaina kafin a kira magariba.